Rigar Jan Bulo Ga Dakalin Siminti: Nasiha Ga Masu Shaguna

Yau za mu ɗan ajiye zancen farashin tiya da buhu, mu yi magana a kan wurin da a ke jibge buhun, watau dakalin ƙofar shago. Abin da ya kawo maganar shi ne, tun da muka sa aka lulluɓe dakalinmu na siminti da jan bulo, kusan kullum sai wani ya tsaya ya tambaye mu wa ya yi aikin, bulo nawa ya shiga, siminti buhu nawa. Mu kan ba da amsa a tsaitsaye, ga mai saye yana jira, ga mota tana lodi. To, mun ga ya fi kyau mu zauna mu rubuta sau ɗaya kowa ya amfana, domin akwai maganar da ba ta faɗuwa a tsaye. Aikin nan sau biyu muka yi shi. Na biyun ne ku ke gani kuna yabawa. Na farkon kuwa ya ci mana buhu 14 na masara, ban da kuɗin siminti da ladan magini.

Yadda abin ya faru

Shagonmu yana Dawanau, a kan hanyar Katsina, kasuwar da aka kafa a 1985 muna samari. Dakalin na kankare ne, an zuba shi tun sa'ad da aka gina shagon. Tsawonsa ƙafa 20, faɗinsa ƙafa 6, tudunsa daga ƙasa ƙafa 2. Shekara da shekaru yana shan wuya: baro ya buge shi, kura ta goge shi, mota ta ja da baya ta ɓantare masa kusurwa. Filastar fuskarsa duk ta ɓamɓare. Mu shafa fenti bana, baɗi ya koɗe.

Sai muka yi sha'awar jan bulo, domin shi launinsa a jikinsa ya ke, ciki da waje. Laka ce a ke gasawa da wutar da ta kai digiri 900 zuwa 1,000 ko fiye, saboda haka ba ya neman fenti, in ya ƙwarzane ma ja ne a ƙarƙashi. Kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1970, lokacin da siminti ya zama abin magana, har jiragen ruwa ɗauke da shi suka cunkushe tashar Ikko a 1975, hukumar ma'adinai ta tarayya da aka kafa a 1972 ta gina masana'antun jan bulo a wurare kamar Naraguta kusa da Jos, da Kano, da Kaduna, da Maiduguri. A nan Kano har unguwa guda a ke kira Jan Bulo. Duk wanda ya ga tsofaffin gine-ginen da aka yi da shi ya san yana jure zamani.

Muka sami wani matashin magini, farashinsa ya fi na kowa sauƙi, muka yi jinga. Ya share gindin dakalin da shebur, ya zuba kwaɓi a kan turɓaya, ya hau jera bulo. Kwana biyu ya gama gaba da gefe biyu. Sa'an nan ya ce, "Alhaji, ai in an shimfiɗa a saman ma sai ya fi kyau." Muka ce to, a shimfiɗa. Ya kwantar da bulo a saman dakalin kaf, tudunsa ya ƙaru da inci 3 da ɗoriya. Dokin ƙofar shagon kuwa dama inci 2 kaɗai ya ɗara dakalin. Watau yanzu dakali ya fi bakin ƙofa tudu. Da ya ke rani ne, ba wanda ya lura, mu ma ba mu lura ba. Kowa ya zo sai ya ce ma sha Allah.

Cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa da iska. Ruwan kwano ya zubo a kan dakali, ya nemi gangare, ya tarar gangaren yana cikin shago. Da safe muka buɗe ƙofa muka taka ruwa. Buhunan da ke kan katako sun tsira, amma akwai layi guda da muka ajiye a daɓe saboda yawan kaya. Muka farke, muka shanya abin da zai shanyu, ga damina ba rana. Buhu 14 suka yi fumfuna. Masarar da ta yi fumfuna kuwa ba a sayar wa mutum ya ci, domin masana lafiya sun tabbatar akwai dafi a cikinta mai cutar da hanta, ko ga kaji ba ta da kyau. Haka muka zubar. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Kafin ruwa ya ɗauke, sai ga bulon gaba ya rabu da jikin dakalin, ya karkato waje, har hannu yana shiga tsakani. Ɓeraye suka samu gida a ƙofar siton hatsi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, a gindin nan yara masu tallan abinci su ke zama da rana.

Muka aika aka kira wani dattijon magini da ya yi wa mahaifinmu aiki. Ya zo bai ce kome ba, ya ɗauki guntun rodi ya soka a gindin bulon, rodin ya nutse kamar cikin tuwo. Ya dube mu ya ce, "Alhaji, ka taɓa jibge buhu goma sha biyu a kan ɗanyar ƙasa ka ce su tsaya a miƙe?" Muka ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, shi aka yi maka." Abin da za mu faɗa daga nan, daga bakinsa da hannunsa muka koya, mun zauna a kan aikin tun daga haƙa har shayarwa.

Mas'ala ta farko: nauyi

Mai shago ya kan ɗauki rigar bulo kamar fenti, abin da a ke shafawa a fuska. A nan kuskuren ya ke farawa. Bango ne sosai, sai dai siriri. Bulo ɗaya ya kan kai kilo 3 ko kusa da haka. Dakali irin namu yana cin bulo wajen 350, in an haɗa da kwaɓin da ke tsakani nauyin ya kai na buhun masara 12 zuwa 13 mai kilo 100. Wannan nauyi duka a kan tsiri mai faɗin inci 4 da rabi ya ke tsaye. Ƙasar gindin dakali kuwa galibi ciko ce da shara da ƙaiƙayi, da ta sha ruwa sai ta lotsa.

Saboda haka wajibi ne bulon ya samu nasa fandisho. An haƙa mana rami a jikin dakalin, gaba da gefe biyu, faɗinsa ƙafa 1, aka yi ta haƙa har aka tarad da jar ƙasa mai tauri. Mu a ƙafa 1 muka same ta, wani sai ya wuce haka, ƙasa ce ke faɗin zurfin. A lura kada a rarake ƙarƙashin dakalin kansa. Aka daddaɓe ramin, aka cika shi da kankare har kusa da fuskar ƙasa. Awon kankaren: siminti 1, yashi 3, tsakuwa 6. Da ya ke magina suna lissafin buhun siminti mai kilo 50 a kan kwanon sarki 2, ke nan kowane buhu yana ɗaukar yashi kwano 6, tsakuwa kwano 12. Aka bar shi kwana 3 ana ba shi ruwa kafin a ɗora bulo ko ɗaya.

Wanda lambatu ya bi ta gindin dakalinsa, ba wurin haƙa, akwai wata dabara. A kan kafa ƙarfe mai kwana a jikin kankaren da manyan kusoshi masu noti, ya zama kanta, bulon ya zauna a kai. Amma sai kankaren yana da ƙarfi, kuma sai an shafe ƙarfen da maganin tsatsa.

Mas'ala ta biyu: lafiyar dakalin kansa

Ba a ɗinka wa mara lafiya babbar riga a ce ya warke. Kafin a sayi bulo a duba kankaren. Tsaga siririya kamar gashi ba ta da laifi. Amma tsagar da ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko wadda ke ƙara buɗewa kowace damina, alama ce dakalin yana nutsewa, kuma duk abin da aka ɗaura masa zai ja shi su tafi tare. Gwajin mai sauƙi ne: a shafa ɗan siminti a kan tsagar, a bar shi wata guda ko biyu. In ya sake tsagewa, dakalin yana motsi, sai a gyara shi tukuna.

Sa'an nan a ƙwanƙwasa filastar da guduma. Duk inda ta yi ƙarar ganga, a fasa a cire. A kankare fenti, a wanke man gyaɗa da manja da baƙin mai, domin siminti ba ya kama maiƙo. A sassare fuskar da cizal ta yi kaushi. In kuwa sabon dakali ne, a yi haƙuri ya cika kwana 28, lokacin da kankare ke kai ƙarfin da a ke lissafa masa.

Mas'ala ta uku: ɗauri da wurin numfashi

Fandisho yana hana bulo nutsewa, amma ba ya hana shi karkata. Abin da ke hana karkata shi ne ɗauri. An huda jikin kankaren da na'urar huji, aka kafa 'yan ƙarafa masu lanƙwasa, bakinsu ya kwanta cikin kwaɓin da ke tsakanin layin bulo. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa 2. Layi biyu aka yi mana, ɗaya a saman bulo na 2, ɗaya a saman na 6. A nemi ƙarfe mai rufin da ba ya tsatsa, irin farin nan na bututun ruwa. Baƙin rodi in ya yi tsatsa kumbura ya ke yi, ya fasa kwaɓin daga ciki.

Akwai kuma wani abu da Baba ya faɗa wanda ba mu taɓa ji ba. Jan bulo da kankare halinsu ya saɓa. Bulo yana fitowa daga wuta a bushe ƙayau, sai ya riƙa shan laimar iska yana ɗan kumbura a hankali, mafi yawa cikin makonnin farko. Kankare kuwa tsukewa ya ke yi yayin da ya ke bushewa. Ido ba ya ganin motsin, amma a kan dogon bango yana taruwa ya tsaga kusurwa. Maganinsa biyu ne. Kada a yi gini da bulon da aka sauke daga wuta jiya, a bar shi ya huta 'yan makonni. Kuma duk tsawon ƙafa 20 a bar tsaga ta ganganci daga sama har ƙasa, faɗin rabin inci, a cike ta da abu mai taushi irin ƙaron roba da a ke toshe bakin taga da shi. Namu an ɓoye ta a gefen matakala, sai an nuna maka za ka gani.

Mas'ala ta huɗu: ruwa

Wannan ita ce uwar mas'alolin ga mai hatsi. Abu na farko da Baba ya yi shi ne ya sa aka ɓamɓare bulon da aka shimfiɗa a sama, dakali ya koma ƙasa da dokin ƙofa. Ƙa'idar ita ce bakin ƙofa ya ɗara dakali da inci 2 ko fiye, kuma saman dakalin ya gangara waje da inci 1 a kowace ƙafa 4. Namu mai faɗin ƙafa 6, bakinsa na waje ya gaza na ciki da inci 1 da rabi.

Wanda ya nace sai ya shimfiɗa bulo a sama, to, ya ɗauki awo tun kafin ya saya. Bulo a kwance tare da kwaɓinsa ya haura inci 3. Sai an ɗaga dokin ƙofa, an rage ƙyaure, an kuma sake matakala gaba ɗaya. Maganar matakala ba ƙarama ba ce. Ɗan dako da buhu a kansa ba ya duban ƙafarsa, ƙafar ce ta haddace tudun taki. In uku sun zo daidai, na huɗu ya ɗara da inci 3, ranar nan sai karaya. Namu taki 4 ne, kowane inci 6, watau layin bulo biyu-biyu.

Abu na biyu, murfi. Inda kan bulo ya haɗu da bakin dakali, nan ruwa ke shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An zuba mana leɓen kankare da ya rufe kan bulon, ya zarce waje da inci 1, aka ja ɗan layi mai zurfi a ƙarƙashin leɓen domin ruwa ya ɗiga ƙasa, kada ya bi fuskar bulon.

Abu na uku, bayan bulon. A nan magina sun kasu biyu. Waɗansu su kan bar sarari na inci 1 tsakanin bulo da kankare, su bar 'yan ƙofofi a layin ƙasa, duk ƙafa 2 ko 3, domin ruwan da ya shiga ya fita. Wannan shi ne tsarin manyan gine-gine, kuma yana da kyau, amma a ƙofar siton hatsi dole a toshe ƙofofin da ragar waya saboda ɓera da ƙwari. Waɗansu kuwa su kan cike bayan da kwaɓi dam, layi bayan layi, ba wurin da ruwa ko ɓera zai zauna. Mu na biyun muka zaɓa, da ya ke dakalin gajere ne. Wanda ya fi kowane muni shi ne na tsakiya, a cika wani wuri a bar wani, ya zama aljihun ruwa. Shi aka yi mana da farko.

Abu na huɗu, a ɗaga kai a dubi rufi. In ruwan kwano a kan dakali ya ke sauka, a sa indararo ya kai shi lambatu. Kuɗinsa bai kai na buhu ɗaya da ya jiƙe ba.

Mas'ala ta biyar: zaɓen kaya

Mu da ke tauna ƙwayar hatsi mu san bushewarta, bai kamata a cuce mu a bulo ba. A ɗauki biyu a gwara su. Mai kyau yana ƙara ƙal kamar ƙarfe, wanda bai gasu ba sai ya yi ƙarar tukunya mai tsaga. A karce shi da farce, in ya yi gari a bar shi. Sa'an nan ga sikeli a shago: a auna bulo a bushe, a jiƙa shi cikin ruwa kwana ɗaya, a sake aunawa. In nauyinsa ya ƙaru fiye da kashi 1 cikin 5, mashayin ruwa ne, ba zai yi ƙarko a gindin dakali ba. A jera guda 10 a ga ko tsawonsu ɗaya. Kuma a sayi duka a lokaci guda, domin gashin yau da na wata mai zuwa launinsu ba ya zuwa ɗaya.

Yashi a samu na rafi mai tsabta. A zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa. In lakar ta yi kauri, a wanke yashin ko a sake wani. Siminti kuwa, ko na Sakkwato ne da aka fara yi tun 1967, ko na Ashaka da ya biyo a 1979, ko na Obajana, abin dubawa ɗaya ne: a sa hannu a buhun, in akwai dunƙulen da ba ya murƙushewa da yatsa, ya sha laima, a mayar.

Mas'ala ta shida: kwaɓi da shayarwa

Kwaɓin jera bulo siminti 1 ne, yashi 4, watau kwano 8 a buhu. Wani ya kan ce a ƙara siminti don ya yi ƙarfi. Kuskure ne. In kwaɓi ya fi bulo ƙarfi, ranar da bango ya motsa bulon ne zai fashe, alhali kuwa an fi so tsagar ta bi layin kwaɓi inda gyara ke da sauƙi. Kada a kwaɓa abin da ya wuce aikin sa'a guda. Wanda ya fara daskarewa a zubar, kada a ƙara masa ruwa.

Jan bulo mai ƙishirwa ne. In an ɗora shi a bushe sai ya tsotse ruwan kwaɓin kafin siminti ya kama. A jiƙa shi tun da dare ko da asuba, a bar fuskarsa ta tsane, sa'an nan a ɗora. A yayyafa wa jikin kankaren ruwa shi ma. A fara jera layin farko a bushe ba kwaɓi, don a ga inda yanka zai faɗa. A tayar da kusurwoyi tukuna, a ja zare, a cike tsakiya. Kowane bulo ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa, kamar yadda mu ke sarƙa buhuna in muna tayar da tsibi. Kaurin kwaɓi kamar ƙaramin yatsa. Kafin ya bushe a bi layin da guntun rodi a danne shi ya yi santsi, a goge abin da ya ɓata fuska tun yana ɗanye.

Daga nan sai shayarwa. A rufe aikin da tsofaffin buhunan algarara, a jiƙa safe da yamma har kwana 7. Cikin kwanakin nan ba jingina buhu, ba hawa. Mun kafa guntayen bututun ƙarfe cike da kankare a kusurwa biyu saboda direbobi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba, kafin sabon hatsi ya cika kasuwa dakali ya zama ba ya taɓuwa, kuma kafin iskar hunturu ta tsananta, don ita ta kan busar da kwaɓi tun bai kama ba.

Bayan an gama, kada hankali ya tashi in an ga wani fari-fari kamar kanwa ya fito a fuskar bulon. Gishirin da ke cikin bulo da kwaɓi ne ruwa ya fito da shi. A goge da busasshen buroshi, ya kan ƙare da kansa. Kada a rufe shi da fentin mai, domin ya kan kulle laima a ciki.

Lissafi

Mu ba ku namu, kowa ya gwada da nasa. Bulonmu mai tsohon awo ne: tare da kwaɓi tsawonsa inci 9, tudunsa inci 3. Gaba ƙafa 20, gefe biyu ƙafa 12, jimla ƙafa 32, da kusurwoyi ya zama bulo 44 a layi. Tudun ƙafa 2 layi 8 ne. 44 sau 8 ya ba da 352. A ƙara 1 cikin 10 saboda fashewa da yanka, a sayi 400, na matakala daban. Siminti ya ci buhu 9: 5 a fandisho, 3 a jeri da cikon baya, 1 a murfi. Ku lura, fiye da rabin simintin ya tafi a cikin ƙasa inda ba mai gani. Awon bulo ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, a auna wanda za a saya kafin a yi lissafi. Kuɗi kuwa a ɗora a kan farashin ranar da za a saya.

Akwai kuma siririn bulo, kaurinsa bai kai inci 1 ba, a kan manna shi da gam ɗin tayil. Ba ya neman fandisho don ba shi da nauyi, sharaɗinsa dai kankaren ya zama lafiyayye, mai tsabta, kuma a cike bayan kowane ɗaya da gam. Ga barandar gida inda ba mai buga kome, ya wadatar. A kasuwa kuwa, inda baro da kura ke kai da kawo, ba mu ba da shawararsa ba, da ya sha duka sai ya fara zubewa ɗaya-ɗaya.

Tanbihi biyu

Na farko, rigar nan tana ƙara wa dakali kauri wajen inci 6 ta kowane gefe. In gabanka hanya ce ko lambatu, inci 6 ɗin nan ba naka ba ne. A yi magana da maƙwabci da shugabannin layi kafin a sa diga, kada a gama a zo a ce a rushe.

Na biyu, sha'anin magini. Ba mu ce yaron farko mugu ba ne. Jinga muka yi da shi mai arha, shi kuma ya yi abin da ido zai gani ya karɓi kuɗinsa. Rabin laifin namu ne, mun tambayi farashi ba mu tambayi fandisho ba. Araha ba ta ado. Wanda zai yi aikin nan ya tambayi magini abu uku tun kafin a yi ciniki: a kan me bulon zai zauna, da me za a ɗaure shi, ina ruwa zai bi. In ya amsa ba tare da inda-inda ba, a ba shi. Kuma ranar haƙa da ranar kafa ƙarafa mai shago ya tsaya da kansa, domin waɗannan ne ba a iya dubawa bayan an rufe.

Ranar da Baba ya gama, kafin mu ba shi cikon kuɗinsa, shi da kansa ya ce a kawo bokitin ruwa. Ya tsaya a bakin ƙofar shago ya kwarara. Muka ga ruwan ya miƙe waje, ya bi ta kan leɓe, ya ɗiga ƙasa, ko ɗigo bai koma ciki ba. Ya ce, "Alhaji, yanzu ka biya ni." Damina uku ke nan dakalin yana nan yadda ya bar shi. Duk wanda aka yi wa irin wannan aiki, ya yi gwajin bokitin nan tun magini bai tafi ba.

Wanda ke son gani da ido, ƙofarmu a buɗe ta ke, ya zo bayan la'asar sa'ad da lodi ya lafa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mana dukiya.